Maɓallan Mas Tarjono

Yatsu uku ne a hannun hagun Mas Tarjono. Yana saurayi yana taya mahaifinsa sayar da ruwan rake a bakin wata kasuwa a garin Malang, injin matsa ya cinye masa ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Da hannun ya warke, uban ya rantse ɗansa ba zai ƙara kusantar injin ba, ya kai shi koyon kwamfuta. Nan ya samu abin da ransa ke so. Ni na tarar da shi a ofishinmu, ɗan kamfanin da ke rubuta wa manoman tuffa manhajar ciniki, furfura ta fara fito masa, dariyarsa kuwa har wurin ajiye babura ake jin ta.

Dukanmu cikin manhaja ɗaya muke rubutun aikinmu, wadda 'yan sa-kai na ƙasashe daban-daban suka haɗa kyauta. Tana da daɗin aiki, sai dai in kana neman bayanin wani umarni, ko kana so ta kai ka asalin inda aka rubuta shi, dole ka danne maɓallai uku lokaci guda, biyu a can ƙuryar hagu. Mas Tarjono sai ya karkace, ya ƙetaro da hannun dama, kafaɗa ta ɗaga.

"Mas, wannan rawar wane gari ce?" in ji Mbak Wuryani, wadda teburinta ke kallon nasa. A wurinmu Mas ake ce wa namiji don girmamawa, ko Pak in ya manyanta, mace kuma Mbak.

"Ta masu neman taimako ce, Mbak. Ku masu yatsu goma ina za ku iya?"

Wata rana 'yan sa-kan suka sanar za su sake waɗannan maɓallan, kowa ya kawo shawara. Ranar abincinmu ya huce saboda gardama. Mbak Wuryani ta ce B, don bantuan shi ne taimako a harshenmu. Ni na ce a bar H na help a Turanci, tunda duniya ce za ta yi amfani da shi.

"T," in ji Mas Tarjono. "Tolong! A kawo ɗauki! Wanda ya faɗa rijiya ba ya tsayawa neman kalma mai kyau."

Da muka gama dariya sai ya ajiye cokali. Ya ce shi harafin bai dame shi ba, a dai daina danne uku tare. A taɓa maɓalli ɗaya a saki, sannan a taɓa harafi: wannan ya buɗe bayani, na gefensa ya kai ka asalin rubutu, na gaba ya dawo da kai inda kake.

Kunyar Turancinsa yake ji, don haka Mbak Wuryani ta gyara masa shawarar, ni kuma na ɗauki bidiyon hannunsa a kan maɓallai muka tura. Aka yi makonni ana ja. Wani daga Turai ya dage cewa yatsunsa sun saba da tsohuwar hanya. Mas Tarjono ya amsa masa, "Yatsunka sun fi nawa yawa, in ƙuri'a ce kun ci. A bar maka taka, a ƙara tawa." Mutumin ya turo alamar dariya, ya sa hannu.

Sabuwar manhajar ta fito da safe. Muka kewaye teburinsa. Ya taɓa, ya saki, ya taɓa H, bayani ya buɗe. Ya yi ta shiga asalin rubutu yana fita kamar yaron da aka saya wa sabon keke. Kafin azahar wata mata daga can garin Cebu ta rubuto godiya, ta ce da hannu ɗaya take aiki, ɗayan na riƙe da jaririya.

Ya kwashe mu duka zuwa rumfar mai bakso, miyar dunƙulen nama. Ya tsaya yana yi wa tsohon mai rumfar bayanin maɓallai, hannuwa na tashi sama, yana ambaton Turai da Cebu da jaririya. Tsohon yana ta gyaɗa kai. Daga ƙarshe ya ƙara masa dunƙule biyu a kwano.

"Allah ya raya, Pak," in ji tsohon. "Yaushe ne suna?"