Bas Biyu da Kalangun Maigidana

Wanne ne a cikin biyun nan marigayi maigidana ya zaɓa? Har yau ban sani ba, kuma duk ranar da 'yarmu ta tambaye ni sai na yi kuka.

Shi makaɗin kalangu ne na mahautan Garwa, har ciwo ya kwantar da shi. Ita kuwa kiɗan rap take haɗa wa mawaƙa a Marwa. Wata Juma'a bayan la'asar ta shigo da kwamfuta da lasifika, ta ce Baba ne zai zaɓar mata bas, wato muryar nan ta ƙasa mai dukan ƙirji. Na farko na'ura ce ta ƙera shi da kanta, sumul ba gargada. Na biyu sautin kalangunsa ne 'yarmu ta ɗauka, ta saukar da shi har ya koma kamar rurin bijimi.

Tana kunnawa kwanukan jerena suka hau rawa. Ta yi ta musanya su, wannan ya shiga, wancan ya fita. Ban san lokacin da na miƙe ba, sai ga ni ina juyi a tsakar ɗaki, ɗankwali a ƙasa. Shi kuma yana dariya har da tari.

Ta ce, "Baba, wanne?"

Ya ce, "Bari in kwana da shi."

Ta koma Marwa. Washegari jikinsa ya rikice. Kafin magana ta ɗauke masa ya kama hannuna.

"Tsohuwa, ki gaya mata ta ɗauki wanda ya tashe ki tsaye."