Harsasan da Na Goge da Lemun Tsami

Ba na jin zan taɓa manta ranar Talatar nan, wata biyu bayan alhazai sun watse. Ku da kuka fara aikin gida kwanan nan, ku karanta da kyau.

A unguwar Sharafiyya da ke Jidda nake aiki, gidan wani mulazim, wato ƙaramin hafsan soja. Shara, wanki da guga duk nawa ne. Shi ina ce masa Ammi, matarsa kuma Sitti, kamar yadda aka saba. 'Yata Sa'adatu tana da wata bakwai, kullum tana goye a bayana.

Ammi ya je kwas ƙasar waje ya dawo da wani sabon abu, wai gasar harbi. Bindigar hannu ce, musaddas suke ce mata, mai ɗan tulu da ke juyawa, ramuka shida. A gasar, mutum zai zaro ta daga kube, ya harbi kwali, ya zazzage kwanson, ya cusa wasu shida, ya ruga gaba, ana duba masa agogo. Shi da abokansa sun sa ranar gwajin farko a filinsu na bayan gari, shi kuwa hannunsa bai saba ba.

Saboda haka kullum bayan la'asar sai ya yi koyo a majalisi, wato falon baƙi. Ya manna kwali a ƙofar katako ta ɗakin ajiya, Sitti ta riƙe agogo ta ce, "Yalla!" wato ya fara. Sai ka ji ƙas, ƙas, ƙas, harsasai su zube a kan darduma. Ranar farko na ruga kicin na ɓuya. Sitti ta yi dariya ta ce, "Ke Hajara, na wasa ne, babu albarushi a ciki." Abin da aka gaya mini ke nan, ba a ƙara ko kalma ba.

Ni ke tsince su in zuba a gwangwanin alewa. Na lura kowanne da ɗigon ja a gindinsa, na ɗauka jan farcen Sitti ne ya zube musu. Ga su sun yi dusu-dusu da gumin hannu. Mu kuwa a gidanmu ba a barin tagulla haka, uwata ko cokali ta gani ya dushe sai ta yi faɗa. Ran Litinin na yanka lemun tsamin da na sayo a kasuwar Bab Makka, na ɗebo toka, na zauna na goge su ɗaya bayan ɗaya har jan ya fita tas. Da safen nan kuma, wajen wanki, na tsinci guda biyu a aljihun wandon da ya je fili da shi. Su ba su da ja. Na ce to, waɗannan ba su ɓaci ba. Na goge su su ma, na haɗa da 'yan uwansu.

Ammi ya buɗe gwangwani ya ce, "Masha Allah, wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ni ce, Ammi."

Ya ce, "Kamar zinariya!" Na koma kicin ina jin daɗi.

Ran Talata zafi ya yi yawa, ƙuraje sun feso wa Sa'adatu a wuya, tana ta kuka. Na sauke ta, na shimfiɗa mata zane a ɗakin ajiya, gindin randa, don nan ne kawai ake samun sanyi. Ta yi barci. Na ja ƙofar na koma kan guga. Wallahi ban kawo kwalin nan a raina ba, na wasa ne aka ce.

Na ji "Yalla!" Na ji ƙas. Na ji ƙas. Sai gidan ya tsage.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Kunnena ya toshe, dutsen guga ya faɗi a ƙafata ban ji zafi ba. Na leƙa majalisi, hayaƙi, Sitti ta saki agogo ta dafe kai, Ammi tsaye baki buɗe yana kallon bindigar kamar maciji ya riƙe. Ga huji a kwali, ga huji a ƙofa. Ruwa yana malalowa ta ƙarƙashinta. Daga ciki kuma shiru.

Shirun nan ne ya kusa kashe ni. Da rarrafe na kai ƙofar.

Randa ta tarwatse. Sa'adatu na kwance cikin ruwa da tsingaro, ido a buɗe, jini a goshi. Na ce, "Innalillahi, sun kashe mini ita!" Ina ɗaga ta sai ta ja numfashi ta tsala kuka. Na tuɓe ta ina juyawa, ciki, baya, hamata, ina neman rami. Babu. Tsingaron randa ne ya yanke ta. Harsashin yana can a bango, taƙi biyu sama da inda kanta yake.

Ammi ya shigo, fuskarsa kamar toka. Ya ce, "Yarinya a nan? Tun yaushe?" Sai ya koma ya juye gwangwani a kan darduma, yana ɗaga su ɗaya-ɗaya yana girgizawa a kunne. Ya ce, "Ina jan? Ina alamar da na sa wa na wasan?"

Na san in na faɗa za a iya korata, ko abin ya kai ga iƙama, takardar zamana a ƙasar. Amma bakina ya riga ni. Na ce, "Ni na goge, Ammi. Na ɗauka datti ne. Biyu kuma a aljihunka na samu."

Ya zauna a ƙasa, abin da ban taɓa gani ba. Sannan ya ce, "Abu na farko da suka koya mana a kwas, ka duba kowane harsashi da idonka. Na biyu, kar ka auna abin da ba ka san bayansa ba. Jiya na ga ja ya ɓace, na ce masha Allah." Ya dubi Sitti ya ce, "Halas, shi ke nan. Ba a gidan nan ba kuma."

Shi ya kai mu asibiti da motarsa, aka yi mata ɗinki biyu. Gasar ya je, ban tambaya ko na nawa ya zo ba.

Abin da nake so ku riƙe, 'yan uwana, masu gida ba mugunta ke hana su yi mana bayani ba. Mantawa suke yi cewa hannunmu yana taɓa duk abin da suka ajiye. Mu kuma kunyar tambaya muke ji, kar a ce baƙauya ce. Ni yanzu ko tabo na gani a kwalba sai na ce, "Sitti, wannan datti ne ko alama?" Tana dariya, ina ƙyale ta. Sa'adatu ta fara tafiya, tabon yana nan a goshinta, kuma duk zafin Jidda a bayana take barci.