Taliyar da Ba a Tsane Ba

Farkon zaman Dutse babban birnin jiha, Yayata tana sayar wa ma'aikata taliya da mai da yaji a bakin titin Takur. Ni kuwa malamin makaranta ne, wanda 'yan gidanmu ke ganin karatunsa bai taɓa dafa ko ruwan zafi ba. Na karanta a wata mujalla cewa mutanen ƙasar Tailan cikin romo suke sayar da taliyarsu a gefen hanya, sai na matsa mata ta gwada da romon ƙashi da citta da lemon tsami.

"Tukunya ɗaya, Malam," in ji ta. "In ta yi kwantai, ka cire bakinka daga girkina har abada."

Wani dattijon masinja ne ya fara saye. Ya leƙa kwanon ya ce, "Hajiya, kin manta ba ki tsane ba."

Ya kurɓa don kara, ya sake kurɓa, sannan ya tambaye ni, tunda ni ne mai ilimi: wannan ci ake ko sha? Musu ya kaure tsakanin ma'aikata, kowa sai da ya saya don ya kafa hujja. Kafin la'asar Yaya ta kife tukunya, ta tura ni wurin mahauta in kama ƙashin gobe. Na tafi ina taƙama kamar an yi mini ƙarin girma.