Rigar Rauda a Rahoton Gulbi

Malam Riskuwa ba mutum ba ne da za ka waiwaya ka sake dubawa in kun yi kiciɓis a hanyar Gwadangaji. Gajere ne, siriri, ƙafar tabaraunsa ɗaya da zare aka ɗaure ta. Haifaffen Zauro ne, amma shekara goma sha huɗu ya yi yana buga tafireta a Sakkwato. Da aka yanke Jihar Kebbi aka ce kowa ya koma gida, sai ya hau bayan mota da tafiretarsa a cinya har Birnin Kebbi. Aka ajiye shi a wani ofishi mai kula da noman fadama, aikinsa buga rahoton gulbi. Kowane mako ma'aikata kan auna tsayin ruwan Rima tun daga Argungu har Ambursa da Zauro, su aiko da lambobi a guntun takarda, shi kuma ya jera su cikin tsari.

A damina ta uku da dawowarsa, matarsa Baiwa ta tafi Zauro gaida iyaye tare da 'yarsu Rauda, mai shekara bakwai. Jirgin fito ya kife da su a tsakiyar gulbi. Aka tsamo Baiwa da rai, Rauda kuwa har masunta suka gaji da nema ba a ga ko ɗankwalinta ba. Bayan kwana bakwai Riskuwa ya koma aiki, ya buɗe fayil, ya ga abin da bai taɓa gaya wa kowa ba sai matarsa. Kwana huɗu kafin tafiyar, ruwan Argungu ya riga ya haye layin haɗari, kuma da yatsunsa ya buga lambar. Baƙa ce, ƙarama, daidai da 'yan'uwanta na sama da na ƙasa. Darakta bai lura ba, shi ma da ya buga bai lura ba.

Shekara uku bayan haka aka kawo kwamfuta. Sauran akawuna suka yi ta noƙewa, kowa na cewa idonsa ba ya son hasken. Riskuwa ne ya zauna gaban mai koyarwa ya kasa kunne. Cikin duk abin da aka koya masa, abu ɗaya ya shiga ransa, wato salo. Mutum zai tsara girman harafi da kaurinsa da layin da zai kewaye shi sau ɗaya tak, ya raɗa wa tsarin suna, ya adana. Daga nan duk layin da ya ga dama sai ya kira sunan, layin ya ɗauki kamar nan take. In ya gyara tsarin a wuri ɗaya, ya gyaru ko'ina. Riskuwa ya ce ai wannan ɗinki ne, don haka shi riguna yake kiransu.

Da yake akwai shi da tsokana ta ƙasa-ƙasa, babbar rigar kan magana ya sa mata suna Darakta. Ta ƙananan bayanai na can gindin shafi Masinja ce, ta sauran rubutu kuwa Talaka. Ta huɗun ce ya ɓata yini biyu a kanta, ba ya dariya. Harafi mai kauri, a cikin akwati mai layi biyu, don duk lambar da ta haye layin haɗari. Ya rubuta mata suna Rauda.

Firintar ofishin irin mai allurai ce, mai ƙara kamar ana tsaga ƙyalle. In ta iso kan rigar Rauda sai ta koma ta sake bi, ƙarar ta yi tsawo, ta yi siriri. Ba a daɗe ba kowa ya haddace wannan kukan. Ko mai shara, Inna Hodi, wadda ba ta san bihim ba, in ta ji shi takan tsaya da tsintsiya ta ce ruwa ya taso. Da an ji, sai a tura mai babur ya gaya wa sarakunan noma. Riskuwa ya sami ɗan sauƙin abin da ke cin sa.

Wata Talata cikin watan Agusta, ana gab da azahar, kowa ya fita alwala, shi kaɗai ya rage yana jiran rahoto ya gama fita. Rana tsaka, ko iska ba ta motsi. Sai ya ji kukan. Ya san sarai a makon nan bai sa wa kowace lamba rigar ba, don duk ma'aunan suna ƙasa da layi. Ya zare takardar. Lambar Ambursa ce zaune cikin akwati mai layi biyu. Ya duba fuskar kwamfuta, ya ɗora linzaminta a kan lambar, ɗan gurbin da ke nuna sunan riga ya ce Rauda. Ya cire rigar, ya mayar da Talaka, ya adana, ya tafi masallaci. Washegari da ya buɗe, rigar ta koma inda ya cire ta.

Bai san me ya tura shi ba, ya sa aka aika Ambursa. Kwana biyar bayan haka ruwa ya shafe shinkafar gefen nan, amma ya tarar an kwashe shanu da yara daga bukkokin gona.

Ranar ya gaya wa Baiwa duk abin da ya faru. Ya zaci za ta ce ya nemi tsari. Tana tsince shinkafa a faifai, sai ta ce, "Malam, ashe tana nan. Aiki taka taya ka." Tun daga ranar, in ya jingine kekensa a zaure, kafin ta kawo masa ruwa sai ta tambaya, "Ta zo yau?"

Sau biyu abin ya sake faruwa kafin damina ta fita, kullum da rana tsaka, kullum kan lambar da ba ta kai layi ba, kullum kuma ruwa na biye. Labari ya cika ofis, ka san bakin ma'aikata ba ya hutu. Masinja ya daina shiga ɗakin in ba da rakiya ba. Inna Hodi ta ce ita kam ƙasan teburin nan kullum da damshi take samun sa, alhali rufin ba ya yoyo.

Ana haka aka turo sabon shugaban sashe, Abdussamadu, mai takardar difloma da biro uku a aljihu. Ba mugu ba ne, yana dai ganin duk abin da ba shi cikin littafi shirme ne. Ya saurara, ya yi murmushi.

"Baba Riskuwa, ba aljani ba ne. Kai dai tsohon rahoto kaka buɗewa ka goge lambobi ka buga sabbi bisa. Salon da ad da shi wurin, shi ka zama."

"Awo, ranka shi daɗe," in ji Riskuwa. Bai ce masa a kan rahoton watan Maris yake bugawa ba, watan da yaro ke ƙetare gulbi da ƙafa, wanda ba a taɓa sa wa lambarsa riga ba.

Darakta ya gaji da tsegumi, ya ba da umarni a share duk rigunan Riskuwa, a koma tsari ɗaya mai lamba wanda kowane akawu zai gane. Abdussamadu ya jawo kujera ya zauna kusa da shi don ya ga an yi. Rigar Darakta ta tafi, Masinja ta bi ta, Talaka ma haka, Riskuwa ko gezau. Da ya zo kan ta huɗu, kwamfutar ta fito da tambayarta da Turanci, hannunsa ya tsaya.

"Tambayarka takai," Abdussamadu ya fassara masa, kamar bai iya karantawa ba. "Ka tabbata kana son a kawar da Rauda? Wai ma wace ce Rauda?"

"Ɗiyata ce. Gulbi yat tahi da ita."

Abdussamadu ya sunkuyar da kai, ya yi ta'aziyya. Riskuwa ya roƙe shi, abin da bai taɓa yi wa na gaba da shi ba. Ya ce akwatin nan da kukan nan su ke tada mutane daga bakin ruwa. Abdussamadu ya daɗe yana juya biro.

"To, ga abin da zan iya. Akwatin shi zauna, amma sunan shi hita, a kira shi Salo na Huɗu, tunda sunan ne ka tada hankalin mutane. In ko sunan kaka so, in kwahe maka shi ga faifan kwamfuta ka kai gida, rahoto shi tahi babu akwati. Zaɓi guda, Baba."

Riskuwa ya dubi harufan nan biyar. Ba ta da kabari da zai je ya tsaya. Nan ne kaɗai a duniya ake kiran sunanta a sa ta aiki. Ya kuma tuna akwai 'ya'yan wasu da ke kwana a bukkokin fadama. Ya ɗora yatsa kan maɓallin gogewa, ya danna sau biyar, a hankali, yana kallon harufan na ɓacewa daga ƙarshe zuwa farko. Sannan ya buga sabon sunan ba tare da kuskure ko ɗaya ba.

Salo na Huɗu ya yi aikinsa. In Riskuwa ya sa shi, ya zauna, in ya cire shi, ya ciru. Ko sau ɗaya bai sake zuwa da kansa ba. Masinja ya dawo shiga ɗakin, Inna Hodi ta ce ƙasan teburin ya bushe. Kowa ya ji daɗi ban da mutum ɗaya, wanda kowace damina yake jinkirta fita alwala yana kasa kunne, har shekarar da ya yi ritaya.

A yammacin ranar da ya goge sunan, ya jingine keke a zaure, Baiwa ta fito da kwanon ruwa a hannu.

"Ta zo yau?"

"Ba ta zo ba."

"To, wataƙila gobe," in ji ta, ta miƙa masa ruwan.

Shekara biyar tana yi masa wannan tambayar, yana ba ta wannan amsar. Har ta bar duniya bai iya gaya mata cewa shi ya rufe wa yarinyar ƙofa da yatsansa ba.