Kawu Dikko da Dorina Mai Fiffike

Ku da kuka san Kawu Dikko kun san ba a faɗa wa zaurensa kai tsaye. Kana yin sallama zai daka maka tsawa: "Tsaya nan! Dubi ƙasa! Za ka taka mini 'yan baka!" Sai ka duba ka ga 'yan mutanen yumɓu, tsawon babban yatsa, an jera su suna shan iska. Ni Ladi, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, amma ko ni sai na yi sanɗa in zan kai masa fura.

Filin dagarsa wani tsohon ƙyaure ne da ya ɗora kan turame biyu ya zuba wa yashi. Ya ja kogi da shuni, ya gina birni har da ganuwa. Rundunarsa irin ta zamanin da ce: 'yan baka, masu māshi, barade da raƙuma. Da karan dawa ake auna tafiyar kowa, in an yi gaba da gaba a watsa kuɗin wuri, wanda nasa suka fi buɗewa shi ya yi kisa. Kuma bai taɓa sayen komai ba! Garkuwa gwangwanin kifi ce, māshi ƙayar aduwa. Yumɓun ma na matarsa ne, Inna Hajo mai ginin tukwane, yake ɗiba, ya cusa sojojin cikin tukwanenta ranar gashi. Wata mata ta sayi tulu, sai ga ta ta dawo a guje: "Hajo, tulunki da mutane ciki!"

Kawu ya leƙa ya ce, "Ashe nan kuka ɓuya, matsorata! Baiwar Allah, na gode, kin kama mini masu gudun yaƙi."

Liman ya taɓa zuwa yi masa nasiha. Ya ce, "Dikko, da furfurarka kana gina gumaka?" Kawu ya nuna masa babu mai ido, babu mai baki a cikinsu, ya ce ya zauna ya gani da kansa. Liman ya zauna yana ɓata rai yana jan carbi. Can sai muka ji ya ce, "Kai, Dikko! Wa ke kai raƙuma cikin fadama? Zagaya da su ta bayan tudu mana!" Ranar sai da ladan ya aiko kiransa.

Abokin karawarsa ɗaya ne, Baba Sumana, Badande mai fataucin busasshen kifi daga tsallaken iyaka, can cikin Dahomey. Duk ranar kasuwar garinmu Bagudo yana sauka gidanmu da tasa rundunar cikin kwando. Ta nan ɗansa ya gan ni, aka yi aure, na koma gidansu. Dokar wasan Kawu da Baba ita ce, wanda aka kama wa sarki, mai nasara zai tafi da shi gida, ba ya dawowa sai an buɗe baki an ce "An ci ni."

To, Baba mutumin ruwa ne, rundunarsa cike take da kadoji da dodanni. Wata rana ya zo da dorina, ya liƙa mata fikafikan zabo. Ya ɗaga ta ya tsallake ganuwa, ya dire kan sarkin Kawu.

"Dorina ba ta tashi sama!"

"Tawa tana tashi."

"A ina ka taɓa gani?"

"Kai a ina ka ga raƙumi ya yi iyo? Ba na ƙyale ka ba bara?"

Baba ya jefa sarki aljihu ya tafi. Kawu ya rantse bakinsa ba zai faɗi kalmar nan ba. Jama'a, tsofaffi biyu suka daina ga maciji a kan dorinar yumɓu! Ni ce a tsakiya. In na zo ganin gida, Kawu ba ya tambayar lafiyar kowa, sai dai, "Ana ba sarkina inuwa kuwa?"

Da farko dariya muke yi. Amma shekarar da aka sami mulkin kai, bayan damina, Baba ya kwanta. Ya daina ci, ya daina magana, ya juya fuska bango, har an fara kiran dangi. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don na san in ya tafi ba su shirya ba, Kawu ba zai ƙara moruwa ba. Na zo Bagudo na durƙusa ina kuka. Kawu ya ce, "Mi ya shafe ni?" Da safe sai na tarar ya ɗaure wa jaki kwanduna biyu. Ya ce, "Kada ki yi murna. Ba dubiya za ni ba, yaƙi zan kai mai."

A bakin iyaka, bayan Lolo, wani sabon jandarma ya buɗe kwando ya ga 'yan kawunan sojojin yumɓu cunkus. Ya ce ina takardunsu, yana dariya. Kawu bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaro, waɗanga sun girmi iyakarka."

Muna isa bai ce sannu ba. Ya sa mijina ya cire ƙyauren ɗakin, aka aza gaban gadon Baba, aka zuba yashi. Ya jera runduna biyu, yana watsa wuri shi kaɗai, ya yi wa kansa ya yi wa Baba. Baba ko motsi. Sai Kawu ya ɗauki raƙumi, ya ɗaga shi sama sosai, ya tsallake kogi da shi, ya ture dorinar nan ta faɗi ƙasa. Ya ce da ƙarfi, "Raƙumina ya tashi ya kashe ta."

Sai muka ji wata 'yar murya daga bango: "Ƙarya kake."

"Ya kashe ta."

"Ba shi da fiffike, ɓarawo!" Wallahi Baba ya yunƙura ya zauna don fushi. "Ladi, tallabe ni! Ba ni kuɗin wurin nan in watsa! Kawo mini kunu, yau sai na koya wa tsohon nan hankali!"

Na fita tsakar gida na zauna dirshan, ina dariya ina hawaye, surukata na ta hamdala. Baba ya shanye kunu, suka yi ta zage-zage har la'asar. Bayan wannan sai da ya ƙara shekaru masu yawa a duniya.

Da Kawu zai koma, na ga sarkin nan a kan taga, na ce in ɗauko masa, ai Baba ba zai hana ba yanzu. Ya riƙe mini hannu, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Bar shi nan, ɗiyata. In na tafi da shi, da wane dalili zan dawo?"

Yanzu duk sun tafi, ɗaya na kwance a Bagudo, ɗaya a tsallake. Allah Ya jiƙan Kawu Dikko, Ya jiƙan Baba Sumana, Ya yafe musu rigimarsu, Ya haskaka kabarinsu. Ya Allah, Ka zaunar da su kusa da juna. Amin.