Farar Wuta da Man Shanu

Har gobe ban manta da ranar da na tsaya a filin barikin Dakoro ina roƙon Allah kada bindiga ta tashi ba. Zamanin Faransa ne, ina riƙe da makullin magaza, wato ɗakin ajiyar kaya, na wani kamfani da ke sayar da albarushi da harsashi da farar wuta. Ku yaran yanzu kuna kukan takardu sun yi muku yawa, to mu a lokacin kuskure ɗaya kaso, gidan yari, yake kai mutum.

Ga yadda tsarin yake. Ba a sayar wa kowa waɗannan kaya sai da permi, takardar izini daga kumandan, Baturen da ke mulkin gari, kuma ko da permin ba a yarda su tsallaka iyaka zuwa ƙasar Ingilishi ba. Farar wuta ta shiga cikin dokar ne saboda da ita ake haɗa albarushi. In 'yan duwan masu binciken kaya suka kama ta a kan iyaka, sai a bi sawu har magazar da ta fito, a rufe kamfanin, a ɗaure mai makulli. Mai makullin kuwa ni ne, ga mata ga 'ya'ya.

Wata ranar kasuwa wani dattijo ya yi sallama, Madugu Agali daga Azagor. Zai kai gishiri Katsina, sai ƙazwa ta faɗa wa raƙumansa. Ya ja ni na gani da idona: gashi ya zube, fata ta tsattsage, suna ta goga jiki da itace. Rabinsu ma ba nasa ba ne, amanar 'yan uwa ce, har da taguwa ɗaya tilo ta ƙanwarsa da miji ya mutu ya bar ta da marayu. Maganin ƙazwa farar wuta ce, kuma ba shafa ɗaya ake yi ba, dole ya tafi da ita yana shafawa a hanya.

Na ce masa ba hali, tunda Katsina ƙasar Ingilishi ce. Bai yi gardama ba, ya dai samu bakin ƙofa ya zauna.

"Ɗana, in na koma babu taguwar nan, mi zan ce ma uwar marayu?"

Abin ya tsaya mini a rai. Sai na tambaye shi yadda suke shafa ta. Ya ce dakawa suke yi su kwaɓa da man shanu. Na ce to in an kwaɓa ta nan Dakoro fa, kafin ya tashi? Ya ce shi duk ɗaya ne, raƙumi ba ya tambayar inda aka kwaɓa.

Muka je wajen kumandan, muka ce farar wutar da aka kwaɓa da man shanu ba za ta zama albarushi ba. Mutum ne mai taurin kai, amma yana son a gwada masa abu a gabansa. Ya ce doka ta hana abin da zai iya zama albarushi, saboda haka a kira wanda ya fi kowa iya haɗa shi. Aka kira Baba Ɗan Tani maharbi. Don kada ya yi mana kara, kumandan ya yi masa alkawarin gwangwanin albarushi in ya sa kwaɓin ya tashi.

Baba Ɗan Tani kuwa ba ya wasa da kyauta. Ya tace kwaɓin da tsumma, ya shanya a rana, ya haɗa da gawayinsa da sauran sirrinsa, yana yi yana yi wa kansa kirari. Washegari gari ya taru a filin bariki. Ya ɗura bindiga, ya gyara tsayuwa, ya saita wata tsohuwar ƙwarya. Madugu na gefena yana jan carbi, ni kuwa na gama duk addu'ar da na sani na koma farko.

Ya ja kunama. Bindiga ta yi tari kamar tsohuwar akuya, wani hayaƙi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya fito, sai ga mai yana ɗiga daga bakinta. Ƙwarya ko motsi ba ta yi ba. Kumandan ya toshe hanci yana dariya har da hawaye.

"Kun ɓata mani bindiga," in ji Baba Ɗan Tani. "Wagga ko ɓera ba ta kashewa."

Aka ba da permi, bisa sharaɗin a kwaɓa a gaban gardi, ɗan sandan kumandan. Ranar nan duk man shanun da matan Fulani suka kawo kasuwa a magazata ya ƙare. Baba Ɗan Tani kuwa ya daɗe ba ya amsa gaisuwata.

Da ayarin ya dawo, Madugu bai wuce gida ba sai da ya biyo ta ƙofar magaza. Ya jawo taguwar nan, gashi ya fito ya kwanta luf, ya durƙusar da ita a gabana.

"Ga ta nan, ɗana. Na ce sai ta gaishe ka kafin ta ga uwar ɗakinta."

Na shafa wuyanta, daɗi ya cika ni.

Shi ya sa nake gaya muku, doka ba a karya ta, ko don tausayi. Amma kafin ka ce wa mutum a'a, tambaye shi abin da zai yi da kayan. Ni da ban tambaya ba, da na kwana lafiya da makullina, marayun Azagor kuwa su tashi babu nono.