Gurbin Yatsa a Wuyan Tulu

Bayan rasuwar Baba, da ƙyar na shawo kan Inna ta bar Kebbe ta dawo wurina a Tambuwal, don hawan jininta ya fi ƙarfin zaman kaɗaici. Ta yarda, amma sai da tulun da mahaifiyarta ta gina da hannunta. Aka ɗaure shi a bayan babur. Wanda ya san hanyar nan ya san sauran labarin: a farfashe tulun ya iso.

Inna ba ta yi kuka ba, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Ta ƙi kwance ƙullin kayanta. Kullum da safe sai ta ce, "Kai, yaushe za ka maishe ni gida?"

Aikina zane a kwamfuta, na alluna da katunan biki. Cikin ɓaraguzan na sami ɓari guda da ya tsira tun daga baki har gindi. Manhajar da nake aiki da ita ba ta buƙatar fiye da haka: ka zana layin gefe ɗaya, ka kafa miƙaƙƙen layi a tsakiya, ita kuma ta juya na farkon ya kewaye na biyun, sai ga tulu cikakke. Niyyata in kai wa wata mai ginin tukwane hoton ta gina irinsa.

Na bi gefen ɓarin a hankali, na zana layinsa. Da na danna manhajar ta juya layin, sai ga matsala. A wuyan ɓarin akwai ɗan gurbi, inda babban yatsan kakata ya danna yumɓu tun yana ɗanye, kuma layina ya ratsa ta cikinsa. Ita manhaja ina ruwanta? Duk abin da ke kan layi sai ta zagaya da shi. Gurbin nan ɗaya ya zama kwarmi, ya kewaye wuyan tulun kaf.

Kafin in gyara, sai na ji Inna tsaye a bayana.

"Wanga zobe fa? Tulun Innata ba shi da zobe."

Na tabbata gobe sai Kebbe. Na miƙa mata ɓarin, na nuna gurbin, na yi ta kame-kamen bayani, na ce yanzun nan zan share shi.

Ta sa babban yatsanta a gurbin, ya zauna daram. Sannan ta ɗora shi a fuskar kwamfutar, ta bi kwarmin daga wannan gefe zuwa wancan, ta bar mini maiƙo a gilashi.

"Ke nan ko ta ina nit taɓa, nan hannunta yake?"

Na ce eh.

"To kak ka share." Ta juya za ta fita, ta tsaya a bakin ƙofa. "In ka ƙare, taho ka kama min ƙullin can. Igiyar ta ci, ni ban iya kwance ta."